Wanda Ya Sare Tsohuwa

Ina cikin cusa shinkafa a cikin kaza ta tara na ji ihun Nevena daga gona. Shekara ashirin da biyu ina girki a gidan Tashkov. Na ji matar nan ta yi wa direbobi tsawa, ta yi wa masu sayen giya tsawa, ko fadan cocinmu bai tsira ba, amma ban taɓa jin irin wannan murya daga bakinta ba. Na goge hannu na fita da gudu, in dai abin da mace mai shekara sittin da huɗu ke yi za a kira shi gudu.

Ranar Trifon ce, waliyyin manoman inabi, sha huɗu ga Fabrairu, ranar da ake fara yi wa inabi aski. Duk ƙauye a gonarmu yake taruwa, don a nan Tsohuwa take. Tsohuwa kurangar inabi ce da kakan kakan Nevena ya dasa a kan tudu, kaurinta ya kai cinyar ƙato. A jikinta ake yanko rassan farko, a zuba mata giya a gindi sau uku, a naɗe rassan a yi kambi a ɗora wa sarkin inabi na shekara. Hotonta ne a kan kowace kwalba da muke sayarwa. Amare a gabanta suke ɗaukar hoto, kuma da rani in 'yan birni sun zo kallon wasa da kiɗa a tsakar gidanmu, sai an kai su sun taɓa ta kafin su tafi.

Na tarar da Nevena a tsaye, ƙyallayen ado da ta kawo don ɗaurawa sun zube a ƙasa. An sare Tsohuwa. Kututture kawai ya rage, bai fi taƙi ɗaya ba, an kuma shafe samansa da laka. Gangar jikin tana kwance a gefe. A kan dusar ƙanƙarar da ta sauka jiya, kewaye da kututturen, ga ja nan dabbare-dabbare.

"Jini ne," in ji Nevena, wadda take kirana Lelya, wato goggo. "Lelya Velika, dubi, jini ne. Ciwon hannunsa ne ya buɗe yana cikin yi."

Ba ta faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba. Mutum ɗaya ne a gidan nan yake yawo da hannu a ɗaure tun jiya.

Kafin a ce me, maza sun bar gashin nama sun hawo tudu, suna tattake ko'ina. Wani ya ga sawun takalmi mai zane irin ƙashin kifi. Wani ya ruga gida ya dawo riƙe da takalman da Ilko ya zo da su daga Sifaniya, masu irin wannan zane a ƙasansu, jiƙe sharkaf, laka har wuya.

Ilko ƙanin Nevena ne. Shekara goma sha biyu yana aiki a gonakin wasu a Sifaniya, ko jana'izar uwarsa bai zo ba, sai ga shi da kaka ya dawo da jaka ɗaya da baki cike da shawara. Kullum a bakin ƙofar baya yake ajiye takalmansa suna fuskantar hanya, ni kuwa na sha faɗa cewa mai ajiye takalmi haka bai zo zama ba. Ran Lahadi a shagon shan kofi, gaban mutum goma, ya ce da shi ke da iko da ya tumɓuke tsofaffin kurangun nan duka, har da Tsohuwar. Baki dai shi ke yanka wuya.

Nevena ta karɓi takalman ta yi jifa da su a gindin kututturen.

"Ku saurare ni," ta ce. "Kada wanda ya kuskura ya gaya wa Tate. Likita ya ce zuciyarsa ba ta ɗaukar firgita. In ya ji, yau biki da jana'iza za mu haɗa. Za mu ce masa sanyi ya yi yawa, bana ba zai fito ba."

Kowa ya gyaɗa kai. Tate, wato baba, shi take kiran ubanta, Diyado Manol; shekararsa tamanin da bakwai, kuma tun da ya faɗi a gona da kaka yake zaune a ɗakin sama muna lallaɓa shi.

"Shi kuwa wancan," ta ci gaba tana zaro waya, "'yan sanda za su zo su ɗauke shi. Daga yau ba ni da ƙane."

Na riƙe hannunta. Ba don ina son Ilko ba, don yaron ya sha raina miyata. Amma ni na yi masa wankan farko, tun kafin in kama aiki a gidan, kuma na san Nevena: in ta rufe ƙofa ba ta sake buɗewa.

"Ki ba Dinko mai bin sawu zuwa sha biyu," na ce. "In ƙararrawar coci ta buga bai ce komai ba, ni da kaina zan danna miki lambar."

Ta dube ni kamar za ta haɗiye ni, sannan ta ce, "Sha biyu."

*

Dinko a ƙarshen ƙauye yake, shi da amyoyin zumansa. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tsaron iyakarmu da Girka, zamanin da ake share ƙasa da manjagara a bakin waya don a ga sawun duk wanda ya tsallaka. An ce ko kyanwa ce ta wuce sai ya gaya maka ko ta ƙoshi. Mutane suna gaishe shi amma ba sa zama teburi ɗaya da shi, don kowa ya san abin da ya sami waɗanda ya bi sawunsu.

"Na daina bin mutane, Velika," ya ce ba tare da ya ɗago ba.

"In ba ka bi ba su za su bi da kansu. Ka kuwa san yadda taro ke bin sawu."

Can ya ɗauki sandarsa da hularsa.

Da muka isa ya tsaya ya dubi wurin ya girgiza kai. "Garken tumaki aka kora ta nan?"

Mazan suka ja da baya suna gunaguni. Bai je wurin kututturen ba tukuna. Ya yi zagaye mai faɗi har ya samu layin da ba a tattake ba, inda sawun mai ƙashin kifi ya hawo daga gida ya kuma koma. Ya durƙusa ya auna tsakanin taku da taku da sandarsa. Ya bi layin a hankali, kuma duk bayan 'yan taku sai ya tsaya a jikin turken da ake ɗaure kuranga, ya duba samansa. Na lura wasu turakun babu ƙanƙara a kansu, amma ban ga abin kallo a ciki ba.

Sai ya dawo gindin Tsohuwa. Ya shafa bakin yankan da yatsa. Ya ɗan kankare lakar da farce, ya leƙa, ya mayar ya shafe ta yadda ya same ta. Daga nan ya damƙo jan nan na ƙasa, ya sansana, ya ɗora a harshe.

"Tir, Dinko!" na ce. "A gaban mutane?"

Bai kula ni ba. Ya nuna wani sawu daban da ya gangara ta wajen shinge, na mutum da na kare.

"Wa ke da karen da ke ɗingishi da ƙafar baya?"

Mutum uku suka amsa tare: "Spas."

Raina ya yi fari, ba zan ɓoye ba. Amma Dinko ya ce Ilko zai fara gani.

*

Mun same shi a kogon da muke ajiye gangunan giya, zaune a kan akwati, jakarsa a ɗaure kusa da shi, ƙafarsa da silifa.

"Cico Dinko," ya ce, wato kawu Dinko, "kai aka aiko? Ashe na kai matsayin da za a sako min mafarauci."

"Nuna min hannun."

Ilko ya warware ƙyallen. Ciwon ya bushe, bakinsa ya haɗe.

"Ƙarfen ganga ne ya yanke ni jiya. Ba wanda ya gani, in abin da za ka tambaya ke nan."

"Ina kake da safe?"

"Barci. Shi kaɗai ne aikin da Kako Nevena, yayata, ta yarda na iya."

"Wa ya gan ka?"

"Wa ke kallona a gidan nan?"

Ya faɗe ta da dariya, amma ni ta soke ni, don gaskiya ce.

"Maganar ran Lahadi fa?" in ji Dinko. "Ka faɗa?"

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa. Kurangar nan ba ta da lafiya. Da na dawo na ga ganyenta ya yi zane-zane yana ƙonewa. Na gaya wa Kako, ta ce wanda bai zo binne uwarsa ba ba shi zai koya mata ciwon itace ba. Amma faɗi daban, zarto daban, Cico."

"Da kai za ka sare ta, da me za ka yi?"

Ilko ya nuna bango da haɓa. "Ga zarton inji can a rataye. Minti ɗaya an gama. Ni mahaukaci ne da zan tsaya goga na hannu cikin sanyin nan?"

"Tashi ka miƙo min wancan kofin."

Kofin yana can ƙarshen kogon. Ilko ya tashi da ƙunƙuni ya je ya kawo. Dinko bai dubi kofin ba, ƙafafunsa yake kallo. Sannan ya ɗan jima yana duban tulin yashin da ke ƙurya, wanda muke binne karas a ciki da hunturu.

"Kada ka tafi kafin sha biyu."

"Da wane takalmin?" in ji Ilko. Sai muryarsa ta sauka. "Ni dai ku bar ni in yi sallama da Tate. Ko shi ma an hana?"

Muka fito muka bar shi a nan.

*

Spas maƙwabcinmu ne, shinge ne kawai tsakanin gonarsa da tamu. Shekara tara yana neman a naɗa shi sarkin inabi, shekara tara ana tsallake shi. Shekara talatin kuma yana roƙon Diyado Manol reshe ɗaya na Tsohuwa ya dasa, ana hana shi. Da ya hango mu sai ya tsaya a bakin rumfarsa ya tare ƙofa da jikinsa.

"Barka da Trifon, Dinko! Lelya Velika! Ku zo cikin gida, akwai barasa mai ɗumi."

"A nan ma ya isa. Me ke cikin rumfar?"

"Wace rumfa? Ba komai. Buhunhuna. Wa ya ce akwai wani abu?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Karen ne ya tona shi, ya ɗingisa ya shiga ya fito da reshen inabi a baki yana kaɗa wutsiya. Na ture Spas na ɗaga buhu, sai ga damin rassa, yankan yau.

"Ɓarawo!" na ce. "Munafuki! Ka sha miyarmu shekara talatin, ashe zarto kake wasawa!"

"Na rantse da Trifon mai tsarki ban sare ta ba!" in ji Spas. "Wajen ƙarfe takwas na leƙa ta shinge in ga ko an fara jera tebura, na gan ta a kwance. Na ce tunda ta riga ta mutu, me zai hana in tsinci reshe biyu? Shekara talatin fa, Lelya! Ko kare aka hana ƙashi shekara talatin..."

"Reshe biyu ne wannan?"

"To, goma sha biyu. Kuma ragowa ce ma. Masu kyaun an riga an kwashe."

Dinko ya ɗago. "Kamar yaya an kwashe?"

"Masu kaurin fensir, waɗanda suka nuna sosai. An bi an zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, an yanke su a karkace, yankan dashe. Na ga wurin yankan. Wanda ya yi ya fi ni hannu, kuma ba kowa nake faɗa wa haka ba."

Da muka fito na ce wa Dinko, "Shi ne. Mu kai shi gaban Nevena."

"Sawunsa a kan na mai ƙashin kifi yake, ba a ƙarƙashi ba. Bayan an gama ya zo."

"To ai mun koma kan Ilko ke nan."

Ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Sha ɗaya da kwata. Daga ƙasan tudu ina jin masu algaita suna gwada busa, ga motocin baƙi biyu daga birnin Sofiya sun tsaya a gaban coci.

*

A kicin ya zauna kusa da murhu yana ɗumama hannu, ni kuwa ina juya kajin da suka kusa ƙonewa, raina a jagule.

"Wa ya tashi da wuri a gidan nan yau?"

"Ni da Nevena da matan da suka zo taya mu burodi. Duk muna kicin ɗin waje tun kafin gari ya waye."

"Ƙofar baya fa, ana ganinta daga can?"

"A'a."

"Diyado ya karya?"

"Na kai masa shayi wajen takwas da rabi na tarar yana barci, na ajiye na fito. Bai saba ba, amma tsufa ne."

Dinko ya nuna goran katakon da ke rataye a ƙusa, wanda Diyado Manol ke zuba wa Tsohuwa giya da shi kowace shekara. "Cike yake?"

"Jiya na cika shi da hannuna."

Na sauko da shi in nuna masa, sai na ji shi sakayau. Ko rabi babu.

"Ka gani ko?" na ce. "Ilko ne. Ya sha ya bugu ya je ya yi ɓarna."

"Velika, ina takalman Diyado?"

Wannan maganar tsakanina da Nevena ce kawai. Tun da kaka, bayan ya faɗi, sau biyu muna kama shi yana saɗaɗawa gona. Nevena ta ce in ɓoye takalmansa, na kuwa tura su bayan akwatin gari. Kullum sai ya tambaye ni, kullum sai in ce suna wurin mai gyara.

Na gaya wa Dinko. Ina cikin faɗa na gane inda ya dosa, goran ya kusa suɓuce min.

"Kai, Dinko. A'a. Mutumin da ko matakala..."

"Ban ce komai ba. Tagar ɗakinsa gona take kallo?"

"E. Nevena ta sa na ja labule."

"Ɗakin ya yi zafi. Je ki buɗe masa taga ya sha iska."

Na hau a kan yatsun ƙafa. Yana kwance ya juya baya, yana numfashi a hankali. Na ja labulen, na buɗe tagar, na sauko. A shekara ashirin da biyu wannan ne karo na farko da na saɓa wa Nevena a ɓoye, kuma tsoro nake ji ƙwarai, don in zuciyar tsohon nan ta tsaya, ni na buɗe tagar.

*

Sha biyu saura kaɗan duk ƙauye yana kan tudu. Fada ya zo da ruwan albarka bai san inda zai yayyafa ba. Baƙin Sofiya sun tsaya gefe suna ɗaga wayoyi. An kawo Spas da daminsa, an kawo Ilko da jakarsa, maza biyu suna riƙe da shi ba tare da an sa su ba.

"Ɗan Sifaniya!" wani ya yi ihu. "Ka ci amanar ubanka, Ilko!"

"A kore shi! Ilko ba namu ba ne!"

Ƙararrawa ta fara bugawa. Nevena ta ɗaga waya ta dubi Dinko. "Lokaci ya yi, Cico."

"Ilko, sa takalmanka."

Ya sa. Dinko ya kai shi layin da ba a tattake ba ya ce ya taka kusa da tsohon sawun. Ilko ya yi taku goma ya tsaya. A daidai wannan tsawon, tsohon sawun ya yi taku goma sha bakwai.

"Takalmi ɗaya, ƙafa biyu," in ji Dinko. "Ku duba na safe. Diddige na ja a ƙasa, don takalmin ya yi wa mai shi yawa. Daga gida zuwa nan ya tsaya sau shida ya dafa turke ya huta, ga inda hannunsa ya share ƙanƙara. Yankan kuma zarton hannu ne, an tsaya an sake farawa ya fi sau goma."

"Dabara ce!" in ji wani. "Da gangan ya gajarta taku. Jinin fa?"

Dinko ya damƙo jan ya miƙa masa. "Ɗanɗana."

Mutumin ya ja baya. Spas ne ya lakato ya sa a baki, ya tsotsa, idanunsa suka fito.

"Giya ce. Ta shekarar bara waccan, daga babbar ganga."

"Giya ce," in ji Dinko. "Kuma ba zubewa ta yi ba. Ku ƙirga. Ɗaya a gabas, ɗaya nan, ɗaya nan. Sau uku."

Ba wanda ke wurin da bai san abin da zubi uku yake nufi ba, in ka cire 'yan Sofiya.

"Na bi sawun mutane da yawa," Dinko ya ci gaba, "ban taɓa ganin wanda ya zo ɓarna ya tsaya ya shayar da abin da ya sare ba. Mai wannan aikin da zai iya ɓoye komai, amma ba zai iya taɓa kuranga da ƙarfe ranar Trifon bai zuba mata giya ba. Hannunsa ba zai yarda ba."

"Wane ne?" in ji Nevena. "Faɗi sunansa."

"Na daina nuna mutum da yatsa. Juya ki gani."

Muka juya. Diyado Manol ne ke hawowa tsakanin layukan inabi, da rigar barci da tsohuwar kwat, yana dafa turke yana hutawa. Ƙafarsa safa ce kawai, ta jiƙe ta yi baƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin nan ba, har na so ƙasa ta tsage.

"Tate!" Nevena ta ruga ta tare gabansa da jikinta don kada ya ga kututturen. "Tate, koma gida, ba komai, sanyi..."

"Matsa, Nevena. Na san abin da ke bayanki. Ni na yi shi." Ya tsaya yana haki. "Wane ne yake kiran sunan ɗana kamar na ɓarawo? Ta taga na ji."

Mazan da ke riƙe da Ilko suka sake shi.

"Kai?" in ji Nevena. "Tate, kai? Don me?"

"Dinko, ɗaga mata."

Dinko ya sa ƙafa ya mirgina gangar jikin, bakin yankan ya kalli sama. Cikin ya yi baƙi ya ruɓe, ya zama gari-gari kamar tsohon burodi. Ɓawo ne kawai da ɗan farin itace a gefe.

"Ciwon yana sauka," in ji tsohon. "Bana da ya kai saiwa. Na sare ta a inda itacen yake da rai, na rufe mata ciwon da laka yadda ubana ke yi. Ga idon toho ɗaya nan na bari a ƙasa, zai tsiro in Allah ya so. Rassa arba'in na zaɓa, suna cikin yashi a kogo."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na gaya miki da kaka, kin ce in sha magani. Na gaya miki da Kirsimeti, kin ce hotonta ne a kan kwalba. Yaron nan ya gaya miki, kin zage shi da uwarsa. Na tambayi takalmana, Velika ta ce suna wurin mai gyara." Ya waiwayo ya dube ni. "Wata huɗu, Velika. Mai gyaran nan ya mutu ne?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Ni dai hawaye ne suka zubo min.

"Tate, tsoro nake ji kada ka mutu," in ji Nevena.

"Na sani, 'yata. Haka kika yi wa Tsohuwa. Kin ɗaura mata ƙyalle, kin hana a taɓa ta, tana ruɓewa a tsaye."

Nevena ta rufe baki da hannu. Wayar ta faɗi cikin ƙanƙara ba ta ɗauka ba.

Ilko ya tuɓe takalmansa ya durƙusa gaban ubansa. Ya cire masa jiƙaƙƙiyar safar, ya goge ƙafafun da rigarsa, ya sa masa takalman ya ɗaure, shi kuma ya tsaya a kan ƙanƙara ba komai.

"Sun yi min yawa," in ji tsohon. "Da safe sau biyu suna neman kayar da ni. Ban san za su jawo maka wannan ba, ɗana. Su kaɗai na gani a bakin ƙofa." Ya dafa kan Ilko. "Rassan nan sai an shekara uku ana kula da su kafin su ba da ɗa ɗaya. Ni ba ni da shekara uku. Jakar me ce waccan?"

Ilko yayarsa ya kalla, mu ma duk ita muka kalla.

Nevena ba ta iya ban haƙuri ba, tun tana yarinya. Ta je ta ɗauki jakar ta saɓa a kafaɗa, ta gangara gida da ita ba ta ce wa kowa komai ba.

An yi biki. Da rassan da Spas ya sata aka naɗa kambi, kuma a shekara ta goma ma ba shi aka ɗora wa ba. Dinko ya zauna teburi ɗaya da mutane, Spas na ta cika masa kofi. Ni kuwa tun kafin a fara busa na ruga na ja akwatin gari na zaro takalman Diyado, na kakkaɓe su na kai masa da hannu biyu.

Da la'asar na shiga kicin ɗaukar burodi na tarar da Nevena ita kaɗai a durƙushe gaban murhu. Ta wanke lakar takalman Ilko, tana cusa musu takarda don su bushe. Da ta gama ba ta mayar da su bakin ƙofar baya ba. Ta jera su a cikin gida, kusa da na ubanta.